Yadda Ake Gyara da Kula da Tsarin Haidirolik na Tsohuwar Motar Haƙa da Lodi

GABATARWA

A harabar sakatariyar ƙananan hukumomi da dama, da farfajiyar sassan ayyuka da na samar da ruwa, ba wuya mutum ya tarar da wata babbar mota mai launin ruwan ɗorawa a jingine, tayoyinta sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, hannunta na baya kuma ya kwanta a ƙasa. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka fi ji ita ce: "Haidirolik ɗinta ne ya mutu." Wannan ita ce motar haƙa da lodi, mai cebur a gaba da hannun haƙa a baya, wadda ma'aikata ke kira bakho ko JCB, jama'a kuma suke haɗa ta da sauran manyan motocin aiki su kira ta katafila.

Amfanin wannan mota ga mutanen karkara ba ya misaltuwa. Ita ce ke yashe manyan magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, ita ke haƙa ramin kwalbati da na shimfiɗa bututun ruwa, ita ke loda wa tifa burji domin cike hanyoyin kasuwannin ƙauye, kuma ita ke zurfafa tafkunan da dabbobi ke shan ruwa da rani. Idan ta tsaya a watan Mayu ba a yashe magudana ba, talaka ne zai ɗanɗana kuɗarsa a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya shiga gidaje da rumbuna. Saboda haka aka shirya wannan bayani domin shugabannin sassan ayyuka, direbobi, kanikawa, masu kula da sito, da kuma al'ummomin da ake kai wa motar aiki.

TAƘAITACCEN TARIHI

Kamfanin JCB, wanda Joseph Cyril Bamford ya kafa a Ingila a 1945, ya fito da motarsa ta farko mai haƙa da lodi a 1953. A Amurka kuwa kamfanin Case ya fito da tasa a 1957, sannan Caterpillar ya shigo fagen a 1985 da samfurin 416. Samfurin JCB 3CX, wanda za a fi yin misali da shi a nan, ya fara fitowa a 1980. Tsofaffin wannan samfuri suna ɗauke da injin Perkins, kafin kamfanin ya fara ƙera injinsa na kansa a 2004. Abin lura shi ne, motar da aka ƙera shekara talatin da suka wuce tana iya ci gaba da aiki, domin gangar jikinta ƙarfe ne mai ƙwari, kuma ana samun kayan gyaranta. Inda tsufa ya fi kama ta shi ne tsarin haidirolik.

YADDA HAIDIROLIK KE AIKI

Asalin hikimar ta samo tushe ne daga binciken masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Tun da mai ba ya matsuwa kamar iska, ana iya tura shi ta cikin siririn tiyo ya je ya ɗaga kaya mai nauyi a wani wuri.

Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska kimanin bar 2, amma man da ke cikin motar haƙa yana kaiwa bar 200 zuwa 250, gwargwadon samfurinta. Idan mai mai matsin bar 200 ya tura fistin da faɗinsa ya kai santimita 10, ƙarfin da zai fito ya kai kimanin tan 16. Wannan shi ne sirrin yadda ɗan yatsan direba a kan liba yake fasa ƙasa mai tauri.

Akwai ƙa'ida guda da ya wajaba kowane bakanike ya riƙe: saurin aiki yana zuwa ne daga yawan man da famfo ke turowa, ƙarfin aiki kuma yana zuwa ne daga matsi. Mota mai nawa daban, mota marar ƙarfi daban, ko da yake wani lokaci cutar biyu kan haɗu.

MUHIMMAN SASSA

1. Tanki, inda mai ke taruwa ya huce. A bakinsa akwai murfi mai numfashi, a cikinsa kuma akwai rariya a bakin bututun da ke kai mai ga famfo. Tsarin gaba ɗaya yana cin mai fiye da lita 100.

2. Famfo, wanda inji ke juyawa. Tsofaffin 3CX da Case 580 suna amfani da famfo mai haƙoran giya, wanda ke tura mai muddin inji na aiki. Caterpillar 416 kuwa tana amfani da famfo mai fistin, wanda ke ƙara mai ko rage shi gwargwadon buƙata, kuma ya fi tsada da wuyar gyara.

3. Akwatunan bawul, ɗaya na cebur, ɗaya na hannun baya. Su ne ke karkata mai zuwa inda direba ya nufa.

4. Bawul ɗin rage matsi, wanda ke buɗewa ya mayar da mai tanki idan matsi ya kai iyakar da kamfani ya tsara. Shi ne mai gadin famfo da tiyo.

5. Silindodi, masu fistin a ciki da sanda mai ƙyalli a waje. Su ne ke ɗaga cebur, babban hannu, ƙaramin hannu, bokiti da ƙafafun tsayuwa. Zobban roba da ake kira sil su ne ke hana mai tsallakawa.

6. Tiyo da bututun ƙarfe, sai filta da ke tace man da ke komawa tanki, da lagireton mai da ke sanyaya shi.

A samfura da dama sitiyari ma daga wannan tsari yake shan mai, don haka matsalar haidirolik tana iya shafar tuƙi a kan hanya.

ABOKAN GABA HUƊU

Na farko kuma mafi girma shi ne ƙura. Tazarar da ke tsakanin sassan cikin famfo da bawul ba ta wuce 'yan maikron ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin maikron 70, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza maikron 40. Ma'ana, man da ido ya ga kamar garau yake yana iya ɗauke da rairayin da zai cinye famfo. A ƙasarmu, inda hunturu ke turnuƙe sararin sama da ƙura tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, wannan haɗari ya ninka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon a nan ita ce murfin tankin da ya ɓace aka toshe da tsumma, da sil ɗin bakin silinda da ya yage, da mazurari mai datti, da tiyon da aka kwance aka ajiye a kan ƙasa.

Na biyu shi ne ruwa. Yana shiga ta murfi da damina, ko ta gangar man da aka bari a tsaye a waje ruwan sama ya kwanta a kanta, ko wajen wanke mota. Man da ruwa ya shiga yakan koma fari-fari kamar an zuba masa madara. Idan ana shakka, a ɗiga kaɗan a kan faranti na ƙarfe mai zafi. Idan ya yi ƙara yana tartsatsi, akwai ruwa. Ruwa yana kawo tsatsa, kuma yana kashe santsin mai.

Na uku shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, shi ne kuma lokacin da aka fi buƙatar motar. Idan zafin mai ya wuce kimanin digiri 80, sil yakan bushe ya tsattsage, mai ya tsinke ya yi baƙi yana warin ƙuna. Abubuwan da ke kawo haka sun haɗa da lagireton da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe, ƙarancin mai a tanki, da ɗabi'ar direban da ke ci gaba da danne liba bayan silinda ta kai ƙarshenta. A wannan hali dukkan ƙarfin inji yana komawa zafi ne ta cikin bawul ɗin rage matsi.

Na huɗu shi ne iska. Idan tiyon da ke kai mai ga famfo ya tsage ko maɗaurinsa ya yi sako-sako, famfo zai riƙa zuƙar iska, mai ya yi kumfa, hannu ya riƙa motsi yana fizga. Idan kuma rariyar tanki ta toshe, famfo zai ji yunwar mai, ya riƙa ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Famfon da aka bari yana wannan ƙara ba ya daɗewa.

ZAƁEN MAI

A nan akwai kuskuren da ya samo asali daga harshe. A tashoshin mota da shagunan kayan gyara, idan aka ce "haidirolik" galibi man burki ake nufi. Man burkin ƙananan motoci ba shi da dangantaka da man da ake magana a kai, kuma idan ya shiga tsarin yana kumbura sil ya lalata su. Hatta burkin 3CX da man haidirolik mara kauri yake aiki, ba da man burkin mota ba. Wajibi ne duk wanda aka aika sayen mai ya tafi da sunansa da lambarsa a rubuce.

Ana rarrabe man haidirolik da lambar kauri, kamar ISO VG 32, 46 da 68. Lamba mafi girma ita ce mai mafi kauri. A ƙasashe masu zafi an fi amfani da 46 ko 68, amma littafin kamfani shi ne alƙali, domin wasu kamfanoni, irin su Case, suna da man da suka keɓe wa motocinsu. Kada a zuba baƙin man da aka juye daga inji, kada a tsinka mai da gas ko kananzir, kuma kada a sayi man da ake aunawa a galan a bakin titi ba tare da sanin asalinsa ba. Araha ba ta ado: rarar da aka samu a kan jarka ɗaya ba ta kai kuɗin famfo ba. A ajiye gangar mai a inuwa, a kwance, kuma a keɓe mazurari da jarka masu murfi waɗanda ba a zuba komai a cikinsu sai wannan mai.

JADAWALIN KULAWA

Ana lissafin kulawa da awoyin aiki ne, ba da kilomita ba. Don haka idan agogon awa ya mutu, shi ne abin da za a fara gyarawa. Jadawalin da ke tafe shi ne wanda aka saba bi, amma a daidaita shi da littafin motar.

Kowace safiya, ko bayan awa 10: a tsayar da mota a wuri mai daidai, a ajiye cebur da hannu yadda littafi ya nuna, a duba yawan mai tun yana da sanyi. A zagaya a duba ƙasa ko akwai ɗigo, a duba tiyo ko ya kumbura ko wayarsa ta fito, a goge sandunan silinda, sannan a ɗura giris a dukkan fin da bushin har sai tsohon ya fito. Fin da ya ci yana sa silinda ta riƙa karkacewa, wannan kuma yana kashe sil da wuri.

Kowane mako, ko bayan awa 50: a busa lagireto a fitar da ƙura, a tsaftace kewayen murfin tanki, a ɗaure duk maɗaurin tiyo da ya saki. Da hunturu ko a wurin sussuka, a yi wannan kullum.

Bayan awa 500: a sauya filtar haidirolik. A yanka tsohuwar a buɗe takardar cikinta a rana. Idan aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani sashe yana ci, kuma lokacin bincike ya yi.

Bayan awa 1,000 zuwa 2,000, gwargwadon samfuri: a juye mai gaba ɗaya tun yana da ɗumi, a wanke tanki da rariya, a sauya murfin numfashi. Idan mai ya yi fari ko ya yi warin ƙuna, ba a jiran cikar awa.

Idan za a ajiye mota na tsawon lokaci, a mayar da sandunan silinda ciki gwargwadon iko, a shafa giris a kan waɗanda suka rage a waje, kuma a riƙa tayar da ita kowane mako ana motsa dukkan sassanta. Zama yana kashe wannan mota fiye da aiki.

GANE CUTA KAFIN SAYEN MAGANI

Asarar da ta fi yawa tana faruwa ne idan aka sayi famfo sabo alhali ba shi ne ke da laifi ba. Tambayar farko da za a yi ita ce: matsalar ta shafi dukkan sassa ne, ko sashe guda?

Idan dukkan sassa suka yi nawa ko suka rasa ƙarfi, laifin yana wurin da suka yi tarayya: mai, rariya, tiyon zuƙa, bawul ɗin rage matsi, ko famfo. A fara da mafi araha. A duba yawan mai da launinsa, a duba rariya da filta, a tabbatar inji yana kaiwa cikakken gudunsa, domin injin da ke fama da toshewar filtar gas ba zai juya famfo yadda ya kamata ba. Bayan haka a ɗaura ma'aunin matsi a inda kamfani ya tanada, a bar mai ya yi ɗumi, a kai silinda ɗaya ƙarshenta na 'yan daƙiƙoƙi a karanta. Idan matsin ya gaza abin da littafi ya faɗa, a ciro bawul ɗin rage matsi a duba ko datti ya maƙale masa ko sifirin ɗinsa ya karye.

Alamar famfon da ya ci a bayyane take: mota tana aiki lafiya da safe, amma da mai ya yi zafi ya tsinke sai ta mutu murus, domin man yana sulalewa ta cikin famfon. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A auna da agogo daƙiƙa nawa cebur ke ɗauka daga ƙasa zuwa sama, da mai mai sanyi da kuma mai zafi, a gudun inji iri ɗaya. Idan aka riƙa rubuta wannan kowane wata, za a ga tsufan famfo tun kafin ya tsayar da aiki.

Idan kuwa sashe guda ne ke da matsala, famfo ba shi da laifi. Misali, idan babban hannu yana saukowa da kansa ko ƙafar tsayuwa tana nutsewa, to ko sil ɗin fistin ya mutu, ko bawul ɗin wannan sashe yana zubar da mai ta ciki. Bakanike yakan rarrabe su ta haka: ya miƙar da silinda har ƙarshe, ya tokare kayan, ya kashe inji ya sauke matsi, ya kwance tiyon ɓangaren sanda ya toshe bakinsa, sannan ya tayar da inji ya ci gaba da tura mai ta ɓangaren miƙewa. Idan mai ya riƙa kwarara daga bakin silindar da aka buɗe, sil ɗin fistin ne. Idan bai fito ba, sai a koma kan bawul.

Gargaɗi na musamman: kada a ƙara ɗaure bawul ɗin rage matsi da ka, wai don mota ta ƙara ƙarfi. Yin haka ba tare da ma'auni ba yana fasa tiyo, ya lanƙwasa sanda, ya tsaga famfo.

GYARE-GYAREN DA AKA FI YI

Sauya tiyo. Tiyon haidirolik yana da saƙar waya a cikinsa, kuma an rubuta girmansa da iyakar matsin da yake ɗauka a jikinsa. Ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a yi masa faci. A tafi da tsohon wurin masu matse kan tiyo, a tabbatar sabon ya kai shi tsawo da ƙarfi. A lura cewa zaren kan tiyo ba iri ɗaya ba ne: motocin JCB galibi suna amfani da zaren Ingila mai suna BSP, na Amurka kuma suna amfani da JIC ko ORFS. Idan kai ya ƙi shiga da hannu, kada a tilasta shi da sifana. Kafin a ɗaura sabon tiyo a wanke cikinsa, domin yankan da aka yi masa yana barin garin roba da waya. A ɗaura shi ba tare da murɗewa ba, kuma a nisanta shi daga inda zai riƙa gogar ƙarfe.

Sauya sil ɗin silinda. A yi wannan aiki a cikin ɗaki, a kan tebur mai tsabta, ba a filin da iska ke kaɗawa ba. A sayi cikakken kunshin sil da lambar silindar, a sauya duka a lokaci guda. Kafin nan a shafa sanda da yatsa: idan ta karce, ta yi tsatsa mai rami ko ta lanƙwashe, sabon sil ba zai yi mako ba, sai an gyara ta ko an sauya. A shafa wa sil mai kafin sakawa, a guji tura shi da sukudireba mai kaifi, kuma a ɗaure notin fistin da ƙarfin da littafi ya faɗa. Kada a yi walda a jikin silinda, kuma idan ana walda a wani sashe na motar, a rufe sanduna, a kuma maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake aikin.

Sauya famfo. Famfon da ya mutu yakan watsa garin ƙarfe cikin tsarin duka. Idan aka ɗaura sabo a kan tsohon mai, garin zai cinye shi cikin ɗan lokaci, a koma ana zargin mai shago. Wajibi ne a juye mai, a wanke tanki da rariya da lagireto, a sauya filta, a zuba wa sabon famfo mai kafin a tayar, sannan a bar inji yana tafiya a hankali ana motsa kowace silinda sannu-sannu har iska ta fita. Bayan kimanin awa 50 a sake sauya filta. Masu zuwa sayen kaya a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas su tafi da lambar motar da ke jikin farantinta da lambar da ke jikin famfon, domin samfuri ɗaya yana iya zuwa da famfo iri-iri.

KARE RAYUKA

Babu aikin da ya kai ran mutum. Kafin a taɓa kowane tiyo, a sauke cebur da bokiti ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, a motsa dukkan libobi gaba da baya domin sauke matsin da ya rage, sannan a sassauta murfin tanki a hankali. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin cebur da aka ɗaga sai an saka ƙarfen tokare a kan silinda, kuma kada a shiga ƙarƙashin motar da ke tsaye a kan ƙafafunta kawai ba tare da an saka mata waigi mai ƙarfi ba. Tiyo ɗaya ya fashe, nauyin duka zai sauko cikin ƙiftawar ido.

Haka kuma, kada a nemi inda mai ke tsiyaya da hannu. A yi amfani da kwali. Man da ke fita ta ƙaramar ɓula yana huda fata kamar allura, kuma matsin bar 7 kacal ya isa ya yi haka. Raunin yakan yi kama da cizon sauro, amma man yana kashe nama ta ciki. Duk wanda wannan ya same shi a garzaya da shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga, domin aikin tiyata ne na gaggawa. Jinkirin 'yan awoyi yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. Kada a tsaya shafa magani a gida.

NAUYIN DA KE KAN JAMI'AI

Ya kamata kowace mota ta kasance da littafin rajista wanda za a riƙa rubuta awoyin aiki, man da aka ƙara, filtar da aka sauya da sunan wanda ya yi aikin. Motar da ake ƙara wa lita biyu kullum tana zubar da kimanin lita 60 a wata, kuma littafin ne zai tona wannan asara. Ya dace a ware kuɗin mai, filta, giris da sil a cikin kasafin shekara, maimakon a jira sai mota ta tsaya a shiga neman amincewar gaggawa. A damƙa motar ga direba guda da aka horar, a mallaki littafin gyaranta da ma'aunin matsi, kuma a buƙaci bakanike ya nuna sakamakon awo kafin a amince da sayen famfo, ya kuma dawo da tsohon kayan sito. Lokacin da ya fi dacewa a yi babban gyara shi ne Janairu da Fabrairu, domin mota ta kasance a shirye kafin aikin yashe magudanai. Tsohon mai kuma a tara shi a ganga mai murfi; kada a zubar a kwata, gona ko kusa da rijiya.

GUDUMMAWAR AL'UMMA

Idan aka kawo mota aiki a ƙauye, dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen samar mata wurin kwana mai tsaro, su hana yara hawa ko wasa da libobi, domin hannun da aka bari a sama yana saukowa ko da inji a kashe yake. Jama'a su nisanci inda hannun ke juyawa, su nuna wa direba inda bututun ruwa ko wayar lantarki ta bi, kuma kada a matsa masa ya tumɓuke kututture ko dutsen da ya fi ƙarfin motar. Wanda ya ga mai yana zuba ya sanar, wanda kuma ya ga ana zuƙar mai ko kwance kaya ya kai rahoto ga hukuma.

KAMMALAWA

Tsohuwar motar haƙa ba ta buƙatar abin al'ajabi. Mai na gaskiya, tsabta, giris a kan kari, filta a kan lokaci, da awo kafin gyara, su ne ke raba motar da ke bakin aiki da wadda ciyawa ta rufe. An sayi wannan mota ne da dukiyar jama'a, kuma jama'a ne ke shan wahala idan ta tsaya. Ana kira ga shugabannin sassan ayyuka da su duba motocin da ke hannunsu tun yanzu, su tantance waɗanda ƙaramin gyara zai tayar, su kuma fara da su kafin hadari ya haɗu a gabas. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.